Ƙari wajen haihuwa: abin da ke yagewa, yadda yake warkewa, da inda haɗarin yake

Shin duk macen da ta haihu da kanta sai ta ƙaru? Idan ta ƙaru, jikinta zai koma yadda yake? Wanne ma ya fi sauƙi, a bar naman ya tsage da kansa ko ungozoma ta riga shi da almakashi? Kusan kowace mai cikin fari tana da waɗannan tambayoyi a ranta, amma ƙalilan ne ke iya buɗe baki su yi su ranar awo. Sai ta koma ga labarin 'yan uwanta mata, wannan ta ce ita ko allura ba a soka mata ba, waccan ta ce ta yi wata uku ba ta iya zama daidai a kujera.

Maganar ta fito fili a watan Oktoban 2023, lokacin da wata 'yar majalisar dokokin Birtaniya, Theo Clarke, ta miƙe a zauren majalisa ta faɗi yadda ta yi mummunar yagewa wajen haihuwar 'yarta, har aka wuce da ita ɗakin tiyata jini na zuba. Daga nan 'yan majalisar suka buɗe bincike, mutane fiye da 1,300 suka aika da bayanin abin da ya same su, rahoto ya fito a watan Mayun 2024. Koken da ya yi ta maimaituwa a ciki shi ne mata sun faɗi abin da ke damunsu, ba a saurare su ba. Idan haka na faruwa a inda likitoci da kayan aiki suka wadata, ashe matsalar ta wuce ta rashin kaya.

Rabin rikicin daga kalma ya taso. Wadda fatarta ta ɗan kurje, mu ce ta ƙaru. Wadda tsokar duburarta ta rabu gida biyu, ita ma mu ce ta ƙaru. Wadda aka yanka da gangan, mu ce an yi mata ƙari. Alhali ukun nan ba jinyarsu ɗaya ba, ba makomarsu ɗaya ba. Macen da ta bar asibiti ba ta san wanne ne nata ba, ba za ta san abin da za ta sa wa ido ba.

Wurin da ake magana a kai

Tsakanin bakin farji da dubura akwai ɗan fili da bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba a yawancin mata. Daga waje fata ce kawai, amma ƙarƙashinta mahaɗar tsokoki ce: waɗanda suka kewaye bakin farji, da waɗanda ke shimfiɗe a ƙasan ƙugu kamar raga suna tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, sai kuma zobe biyu na tsoka da ke tsuke dubura. Zoben waje shi ne wanda mutum ke matsewa da niyya idan bayan gida ya matsa shi babu wurin zagawa. Zoben ciki kuwa aikinsa yake yi ba tare da an umarce shi ba, shi ke riƙe iska ko mutum na barci.

Idan jariri ya sunkuyo daidai, haɓarsa a kan ƙirjinsa, faɗin kan da zai ratso da shi kusan santimita 9 da rabi ne. A 2004 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun ƙiyasta cewa wani sashe na tsokar ƙasan ƙugu sai ya miƙe fiye da ninki uku na tsawonsa kafin kan ya wuce. Da tsokar damtse za a ja haka, da tuni ta tsinke. Abin da ke ceton mace shi ne sinadaran da juna biyu ke saki a jiki, waɗanda ke tausasa naman wurin tun da sauran watanni. Duk da haka nama nama ne, yana da iyaka.

Matakai huɗu

Likitoci sun kasa yagewar kashi huɗu, gwargwadon zurfin da ta yi.

Mataki na farko fata kaɗai ya shafa. Wani lokaci ma ba a ɗinkewa, idan ba jini kuma bakin ciwon ya haɗu da kansa. Mataki na biyu ya ratsa fata ya shiga tsokar da ke tsakanin gaba da dubura, amma bai taɓa zoben dubura ba. Wannan ne ake yawan gani a haihuwar fari, kuma ungozoma ke ɗinke shi nan take a gadon haihuwa, bayan ta yi allurar kashe zafi a wurin.

Daga mataki na uku labari ya canza, domin yagewar ta kai ga zoben dubura. Wani likita a Landan, Abdul Sultan, shi ya fito a 1999 da rabon da ake amfani da shi a yau: 3a idan abin da ya yage na zoben waje bai kai rabinsa ba, 3b idan ya haura rabi, 3c idan har zoben ciki ya taɓu. Mataki na huɗu shi ne wanda ya ratsa zoben gaba ɗaya ya buɗe fatar cikin dubura, hanyar haihuwa da ta bayan gida suka haɗe.

Akwai kuma ƙananan tsagewa ta sama, a leɓɓan farji ko kusa da mafitar fitsari. Ba su cika zurfi ba, sai dai su ne ke sa mai jego ta ji kamar an zuba mata barkono idan ta tsuguna fitsari.

Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Birtaniya, RCOG, ta ce a cikin mata 10 masu haihuwar fari da kansu, har 9 na iya samun kurjewa ko yagewa ko yanka. Adadin yana firgitarwa sai an fayyace shi. Mataki na uku da na huɗu, waɗanda su ne abin tsoro, suna samun kusan mata 6 cikin 100 a haihuwar fari, da kusan 2 cikin 100 ga waɗanda suka taɓa haihuwa da kansu. Sauran duk na farko da na biyu ne, masu warkewa cikin makonni.

Wani abu da ya dace a lura da shi: a Ingila, adadin manyan yagewa a haihuwar fari ya tashi daga kashi 1.8 cikin 100 a shekarar 2000 zuwa kashi 5.9 a 2012. Masu binciken da kansu sun danganta kaso mai yawa na wannan hauhawa da ƙwarewar da ma'aikata suka samu wajen gano ciwon. Wato asibitin da ke alfahari cewa mata ba sa yagewa a hannunsa, mai yiwuwa bai iya dubawa ba ne.

Me ke jawo babbar yagewa

Haihuwar fari ita ce kan gaba, tunda naman bai taɓa buɗewa haka ba. Sai girman jariri, musamman idan ya haura kilo 4. Sai kwanciyarsa: wanda ya taho fuskarsa na kallon sama, ƙeyarsa na bin bayan uwa, da ɓangaren kai mafi faɗi yake ratsowa. Haka idan kafaɗa ta maƙale bayan kai ya fito, ko aka daɗe ana nishi, ko kuma akasin haka, kan ya faso da ƙarfi lokaci guda kafin naman ya samu sararin miƙewa. Jawo jariri da ƙarfen nan mai kama da cokula biyu, fosef, yana ƙara haɗarin sosai, kofin zuƙo ma yana ƙarawa amma bai kai shi ba. An kuma lura matan da asalinsu Kudancin Asiya ne sun fi samun babbar yagewa.

Duk cikin waɗannan babu wanda laifin mace ne. Na sha jin ana cewa wance ta yage ne don ta ƙi bin umarni, ko don ragwanta, ko don ba ta motsa jiki da ciki. Mace na iya yin komai daidai ta yage, wata kuma ta haifi ƙaton yaro ko ƙwarzane babu.

Yadda almakashi ya zama al'adar asibiti, da yadda aka dawo daga rakiyarsa

Yankan da ake yi don faɗaɗa hanya, wanda likitoci ke kira efisiyotomi, tsoho ne. Wani likita a Dublin, Fielding Ould, ya bayyana shi a rubuce tun 1742, a matsayin dabarar ƙarshe idan haihuwa ta ƙi. Ya zauna a haka har 1920, lokacin da Joseph DeLee na Chicago ya yi kira da a riƙa yi wa masu haihuwar fari yankan tun kafin matsala ta taso. Hujjarsa mai shiga kai ce: yanka miƙaƙƙe ya fi sauƙin ɗinki a kan yagewa mai karkace-karkace, zai kare dubura, zai hana sakwarkwacewar gaba, zai rage matsi a kan jariri. Aka karɓa hannu bibbiyu ba tare da an gwada ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1970, fiye da kashi 60 cikin 100 na matan da suka haihu da kansu a Amurka sai da aka yanka su.

Da aka zo aka gwada, sai hujjar ta rushe. Wani gwaji a yankin Berkshire na Ingila a 1984, da wani babba a Ajantina a 1993, sun kwatanta yawaita yankan da yanka wadda ta buƙata kaɗai, ba a ga amfanin da aka yi alkawari ba. A 2017 ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwajen lafiya, ta haɗa binciken da aka yi ta gano cewa a haihuwar da ba a sa ƙarfe ba, taƙaita yankan yana rage mummunan rauni da kusan kashi 30 cikin 100. Duk wanda ya taɓa yaga yadi ya san dalili: ka ja shi da ƙarfi ya ƙi, amma ka ɗan tsaga bakinsa da almakashi sai ya tafi salin alin. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara ta ce ba ta goyon bayan yi wa kowace mace yankan.

Wannan bai sa almakashi ya zama abin ƙi ba. Idan bugun zuciyar jariri ya nuna yana cikin wahala ana son fito da shi da gaggawa, yankan na iya ceton rai. Idan za a sa fosef ko kofin zuƙo, musamman a haihuwar fari, shaidu sun nuna yankan na kare dubura. A nan kuma salon yankan ne ke magana. Wanda aka miƙe da shi tsaye zuwa dubura, kamar yadda aka daɗe ana yi a Amurka, shi ya fi zarcewa ya zama mataki na uku ko na huɗu. Wanda aka karkatar gefe ya fi aminci, kuma RCOG ta ce a karkatar da shi digiri 60 daga tsakiya a lokacin da kai ya miƙar da naman, domin idan wurin ya koma bayan haihuwa kusurwar tsukewa take yi ta matso kusa da dubura.

A ganina abin da har yanzu ba a gyara ba shi ne neman izini. Mace tana cikin naƙuda ba ta fita hayyacinta ba. Jimla ɗaya ta ishe ta: ga dalili, zan yi allura, zan yanka, kin yarda? Kuma ya fi kyau a yi wannan magana tun ranar awo, ba sai kai ya leƙo ba.

Abin da ke rage haɗari

Babu dabarar da ke hana yagewa ɗungurungum, amma akwai waɗanda aka gwada aka ga tasirinsu, kuma abin sha'awa yawancinsu ba sa buƙatar na'ura.

Tausar wurin da yatsa da mai mai tsabta, daga mako na 34 ko 35 na ciki, 'yan mintoci sau kaɗan a mako, tana rage yiwuwar yagewar da za ta kai ga ɗinki da kusan kashi 9 cikin 100, yiwuwar yanka kuma da kusan kashi 16, kamar yadda Cochrane ta tattara a 2013. Masu haihuwar fari ne suka fi cin moriyarta. Ragin ba shi da yawa, gaskiya, amma kuma ba ya cin komai. Wadda ke da ciwon sanyi a gaba, ko faya ta fashe, ko tana ganin jini, sai ta tambayi ma'aikaciyar lafiya tukuna.

Tsumma mai tsabta da aka tsoma a ruwan ɗumi aka dafa a wurin lokacin nishi ya fi wannan ƙarfin shaida. A wani gwaji a Ostareliya a 2007, manyan yagewa sun kasance kusan kashi 4 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa, kusan kashi 9 ga waɗanda ba a yi wa ba.

Sai fitowar kai a hankali. Akwai lokacin da kai ke cika bakin farji, mace ta ji wurin na ƙuna kamar wuta, duk jikinta na ce mata ta yunƙura ta huta. A daidai nan ne ungozoma ke cewa ta daina nishi, ta riƙa huci sama-sama, ita kuma ta tallafe wurin da hannu ɗaya, ɗayan yana rage wa kan gudu. Minti ɗaya ko biyun nan suna da matuƙar muhimmanci. Norway ta koya wa ma'aikatanta wannan riƙo daga salon Finland a tsakiyar shekarun 2000, adadin manyan yagewa ya sauka ƙwarai. A Sweden kuma wani gwaji da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa kasancewar ungozoma biyu maimakon ɗaya a ƙarshen naƙudar fari ya sauko da adadin daga kashi 5.7 zuwa 3.9 cikin 100. Ido huɗu sun fi biyu.

Sa'ar da ta biyo bayan haihuwa

Nan ne, a fahimtata, makomar mace ke yankewa, fiye da lokacin yagewar kanta. A 1993 Sultan da abokan aikinsa suka duba mata da na'urar hoton ciki makonni bayan haihuwa, suka tarar kusan kashi 35 cikin 100 na masu haihuwar fari suna da rauni a zoben dubura da ba a gani ba ranar haihuwa. An ɗauka ɓoyayyen ciwo ne da ido ba ya iya gani. Daga baya da aka sa ƙwararru suna sake duba mata nan take, sai ta bayyana cewa yawancinsa a fili yake, tsallake shi aka yi.

Shi ya sa ƙa'ida ta ce bayan mabiyiya ta fita, a duba mace da haske mai kyau, kuma da izininta a sa yatsa cikin dubura a taɓa zoben a tabbatar. Ba daɗi, ga gajiya, ga kunya, amma daƙiƙu kaɗan ne, kuma shi ke raba mataki na biyu da na uku. Idan aka ɗinke fata a sama aka bar tsokar dubura a rabe a ƙasa, daga waje komai zai yi kyau, sai bayan makonni mace ta ga iska na kufce mata. Gyaran da aka yi daga baya kuwa bai cika kai na ranar farko kyau ba.

Mataki na uku da na huɗu a ɗakin tiyata ake gyara su, likitan da ya koyi aikin ne ke yi, bayan an yi allurar baya ko ta barci don tsokar ta saki a kamo bakinta biyu a haɗa. Ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da maganin tausasa bayan gida irin su laktulos na kusan kwana 10, sannan a sa ranar dawowa tsakanin mako 6 zuwa 12. Ga wadda aka jawo wa jariri da ƙarfe ko kofi, wani babban gwaji a Birtaniya a 2019 ya nuna allura ɗaya tak ta maganin ƙwayoyin cuta ta rage kamuwa daga kashi 19 zuwa 11 cikin 100.

Zaren da ake amfani da shi narkewa yake yi, ba sai an cire ba. Kuma ɗinki ba tare da kashe zafi ba, ba jarumta ba ce da ake nema daga kowa. Idan mace tana jin shigar allura, ta faɗa a ƙara mata.

Kafin a sallame ta, tambaya ɗaya ta wajaba, ko daga bakinta ko na wanda ya rako ta: mataki na nawa ne? A rubuta mata a kati.

Makonnin jinya

Kwana biyu zuwa uku na farko su ne masu wuya: kumburi, zugi, zama da gefe ɗaya. Ƙanƙara da aka naɗe a tsumma, minti 10 zuwa 20, tana rage kumburin, amma kar a ɗora ta tsirara a kan fata. Farasitamol da ibufurofen duka suna tafiya da shayarwa. Kodin kuwa a guje shi, yana bin nono ya isa ga jariri, ga shi yana taurara bayan gida, abin da ake gudu ke nan. Zuba ruwa mai ɗan ɗumi a wurin yayin fitsari yana kashe raɗaɗi.

Tsabtar da ake buƙata mai sauƙi ce: ruwa zalla, a tsane a hankali daga gaba zuwa baya, a riƙa canza audugar mata a kai a kai, a wanke hannu kafin da bayan. Duk wani abin shafawa ko na matsi ko mai ƙamshi da ba likita ya rubuta ba, ciwo buɗaɗɗe ba ya son sa. Ruwa mai tsananin zafi ma ƙona sabon nama yake yi.

Bayan gida na farko shi ne abin da masu jego suka fi tsoro, wasu har su ƙi cin abinci don kauce masa. Hakan ƙara dagula lamarin yake yi. Ɗinkin ba ya ɓallewa don an zaga. A sha ruwa sosai, a ci kayan lambu da 'ya'yan itace, a ɗan ɗaga ƙafafu a kan wani abu idan masai na zama ne, a dafe wurin ɗinkin da auduga mai tsabta, kar a yi yunƙuri.

Motsa tsokar ƙasan ƙugu, wanda likita Arnold Kegel ya yaɗa a 1948, ana iya fara shi a hankali cikin kwanakin farko: a matse kamar ana riƙe iska da fitsari, a riƙe 'yan daƙiƙu, a saki gaba ɗaya. Da farko mace na iya jin kamar ba abin da ke motsi. Yana dawowa. Sai dai ya ɗauki watanni ana yi kullum kafin a ga amfaninsa, nan ne da yawa ke sarewa.

Yawancin mataki na farko da na biyu sukan haɗe cikin mako biyu zuwa uku, zuwa mako shida zafi ya tafi ko ya kusa. Manyan sun fi ɗaukar lokaci, amma alƙaluman RCOG sun nuna 6 zuwa 8 cikin mata 10 da aka gyara musu ba su da sauran wata matsala bayan shekara guda. Ragowar 2 zuwa 4 ɗin nan fa, su ne ake mantawa da su.

Alamomin da ba a yi musu haƙuri

Zafi da ke ƙaruwa maimakon raguwa, wari, mugunya, zazzaɓi ko rawar sanyi, ɗinki da ya buɗe, kumburi mai tauri da ke girma da azabar zafi, jini da ke jiƙa auduga cikin sa'a guda, ko kasa yin fitsari: duk waɗannan na komawa asibiti ne a ranar. Ƙwayar cuta da ta shiga jinin mai jego tana kisa cikin gaggawa.

Akwai kuma waɗanda ba sa kisa amma suna cinye rayuwa a ɓoye. Iska na fita ba da niyya ba. Bayan gida ya taso, kafin a kai makewayi ya zubo. Ana ganin ƙazanta a wando, ko iska da bayan gida na fitowa ta gaba. Mata kan yi shekaru da wannan, su daina shiga taro, su daina tafiya mai nisa, ko mijinsu ba su faɗa wa ba, suna ɗauka haka haihuwa ta gada. Ba haka ta gada ba. Akwai horon tsoka a hannun ƙwararru, akwai magani, akwai tiyata. Likita kuma ba zai sani ba sai an faɗa, shi ya sa ma'aikacin kirki ke tambaya da bakinsa, bai jira kunya ta bari ba.

A bambance wannan da yoyon fitsari. Shi yawanci daga doguwar naƙuda yake zuwa, inda kan jariri ya maƙale ya danne nama a jikin ƙashi har naman ya mutu ya huje. Hanyarsu daban ce, ko da yake mataki na huɗu da ba a gyara ba, ko gyaran ya lalace, na iya barin ƙofa tsakanin dubura da farji.

Raunin zuciya ma rauni ne. Wadda haihuwar ke dawo mata a mafarki, ko gabanta ke faɗuwa idan ta tuna asibiti, tana buƙatar a saurare ta kamar yadda mai mugunya ke buƙatar magani.

Komawa shimfiɗa

Ana yawan ambaton mako shida, amma ba doka ba ce, ƙiyasi ne na lokacin da jinin biƙi ke ɗaukewa kuma ciwo ya rufe. Jin zafi a karon farko abu ne da ya zama ruwan dare, kuma ba kullum ɗinkin ne sila ba: shayarwa na rage sinadarin da ke jiƙa farji, wurin ya bushe. Man da aka yi don wannan yana taimakawa, haƙurin miji ya fi shi taimakawa. Idan zafin ya zarce wata uku ba sauƙi, a je a duba tabon. Kuma ciki na iya shiga tun kafin al'ada ta dawo.

Sai batun ƙarin ɗinki don a tsuke wa miji, wanda ake faɗa da wasa a ɗakunan haihuwa na ƙasashe da dama, wani lokaci har a aikata. Ba shi da tushe a likitanci. Ƙarfin riƙon farji daga tsokar ciki yake, fatar baki ba ta da hannu a ciki, don haka abin da ƙarin zaren ke haifarwa kawai shi ne ƙofa mai ƙunci da tabo mai zafi.

To, ba gara a yi aiki ba? Haihuwa ta gaba fa?

Wasu kan ce tunda haka ne, a ciro jaririn ta ciki a huta. Tiyata tana kare wurin daga yagewa, wannan gaskiya ne. Amma ita ma yanka ce, mai ratsa bangon ciki da mahaifa, da nata haɗarin jini da ƙwayoyin cuta da daskarewar jini a jijiya, kuma tabon da ta bari a mahaifa yana bin kowane ciki na gaba. Musanya babban aiki tabbatacce da yagewar da a mafi yawan lokuta ƙarama ce, ba ciniki ne da ya dace da kowa ba.

Wadda ta samu mataki na farko ko na biyu, ko aka yi mata yanka, babu abin da zai hana ta sake haihuwa da kanta, kuma sau da yawa ta biyun ta fi sauƙi. Yankan farko ba ya wajabta na biyu. Wadda ta samu na uku ko na huɗu, yiwuwar ya maimaitu kusan 5 zuwa 7 ne cikin 100. Idan ta warke sarai, tana riƙe iska da bayan gida, yawanci ana ba ta zaɓin haihuwa da kanta. Idan kuwa da sauran matsala, ko hoton da aka ɗauka ya nuna zoben bai haɗe ba, likitoci kan ba da shawarar aiki, don wata haihuwar na iya ƙarasa abin da ya rage na tsokar. Wannan hukunci ana yanke shi ne tun farkon ciki, ita da likitanta, kuma tambayar farko da zai yi mata ita ce mataki na nawa ta samu a wancan karon.